Likita na Cikin Waya, Amma Ina Za a Zauna?

A makarantar nan akwai ɗaliban da ba sa zama a tsakiyar aji. Ku lura in an shiga lakca a babban ɗaki. Akwai wanda kullum kujerar bakin ƙofa yake nema, ko da ba ya ganin allo sosai daga can. Akwai wadda in tayar mota ta fashe a titi sai ta tsinci kanta a ƙarƙashin benci kafin ta san me ya faru, a yi ta yi mata dariya, ita ma ta taya mutane don kunya. Akwai wanda 'yan ɗakinsu suka gaji da ihun da yake yi cikin dare har suka laƙaba masa suna. Mukan ce wane matsoraci ne, ko wance tana da iskokai, ko mu ce ya fara shaye-shaye. Da yawansu kuwa wani abu ne ya same su, ya wuce a kalanda amma bai wuce a jikinsu ba.

Kuma ba abin mamaki ba ne in aka dubi zamanin da muka tashi a ciki. A watan Oktoban 2012 an bi ɗalibai har gidajen da suke haya a Mubi an kashe su. A watan Maris na 2021 an kwashi ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna, bayan wata uku kuma aka shiga Nuhu Bamalli a Zariya aka tafi da ɗalibai da malamai. Ranar 28 ga Maris, 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. A watan Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri cikin dare. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Ban da ƙauyukan da aka tasa ba wanda ya ji, da haɗarin mota, da fyaɗe wanda ake rufewa a cikin gida. Mutanen da suka fito daga cikin duk wannan ba wata duniya suka tafi ba. Suna layin rajista tare da mu, muna cin shinkafa da wake a kanti ɗaya.

Ni ma ina cikinsu. Lokacin ina ND 1, an ba da hutun ƙarshen zango, na hau Sharon zuwa gida. La'asar sakaliya babura suka ɓullo daga daji, kowanne da mutum biyu ko uku. Direba ya so ya juya, motar ta faɗa rami. Na fita ta taga, na shiga gonar dawa, na kwanta a kwarin kunya har asuba ina jin harbi da kukan mata yana yin nisa. Dattijon da ke zaune kusa da ni, wanda ya ba ni dabino a tasha, an tafi da shi. Ban san sunansa ba, kuma har yau ban san yadda ta ƙare da shi ba.

A gida an yi sadaka, maƙwabta sun shigo barka da arziki. Umma ta dafa kaina ta ce, "Ka gode wa Allah, ka fito da ranka, ko ƙwarzane babu." Gaskiya ta faɗa. Da hutu ya ƙare na dawo makaranta kamar kowa.

Abin bai nuna kansa sosai ba sai da aka yi nisa da karatu. Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da 'yan acaɓa ke taruwa a bakin get suna tayar da babura a tare, sai in ji ƙafafuna sun mutu, gumi ya jiƙa min riga, bakina ya bushe. Na koma bin ƙaramin get duk da ya fi nisa. Da daddare in na runtsa sai gonar dawar ta dawo, har ƙamshin ƙasarta. Na daina cin dabino, ko da azumi. In na buɗe handawut sai in karanta shafi ɗaya sau biyar ba abin da ya zauna. Zangon nan na kwashi keri-oba biyu, ni da ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun firamare. Wani abokina ya ce, "Mutumina, ko soyayya ce ta kama ka?" Na yi dariya na bar shi a haka.

Likitoci suna kiran wannan PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Sunan bai daɗe ba. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta na cututtuka, bayan an ga halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga, ko da yake tun Yaƙin Duniya na Ɗaya an san sojojin da ke dawowa jiki lafiya lau amma suna karkarwa, ba sa barci. Ya kamata a faɗi wani abu a nan don kada kowa ya ɗauki ciwon ya ɗora wa kansa: yawancin mutanen da suka ga tashin hankali sukan warware da kansu cikin 'yan makonni, musamman in suna da 'yan uwa a kusa. Sai abin ya wuce wata guda, yana dawowa a mafarki ko ido biyu, mutum yana guje wa duk abin da ke tuna masa, kullum a zabure yake, har ya hana shi karatu ko sana'a, sannan likita zai fara kiran wannan sunan.

To, mene ne ya hana mu zuwa asibiti? Kowa ya sani. A Kano in ana son a ce ba ka da hankali sai a ce a kai ka Dawanau. A Kaduna a ce Barnawa, a Sakkwato a ce Kware. Wuraren da ƙwararru suke zaune suna jiran marasa lafiya mun mai da sunayensu zagi. Saurayin da aka gan shi a layin can, ko budurwa, labarin zai riga shi isa gidan da yake neman aure. Ita kanta dokar ƙasa, har zuwa watan Janairun 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta 1958 ce ake amfani da ita, wadda sunanta ma dokar mahaukata. Ga kuma ƙarancin likitocin: ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kaya suna barin ƙasar.

Yayata nas ce a wani gari. Ita ce ta gane, don ta kwana a gida wani hutu ta ji ni cikin dare. Da safe ta same ni a zaure ta ce, "Ƙanena, wannan abin da ke damunka ciwo ne, kuma ana maganinsa."

Na ce, "Yaya, ni fa ba mahaukaci ba ne."

Ta ce, "Wa ya ce maka mahaukaci? Wayarka na yin bidiyo?"

Ita ta haɗa ni da wata masaniyar halayyar ɗan Adam da ke aiki a asibitin koyarwa a wata jiha, tana kuma ganin mutane ta waya da yamma. Ina ce mata Dakta, tana ce min Malam. Mun yi zama goma sha biyu, sati-sati, kowanne wajen awa guda. Har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba.

Mutane suna zaton irin wannan magani hira ce kawai, a ce maka ka yi haƙuri, komai zai wuce. Da haka ne da na warke tun a gida, don ba wanda ya kai Umma iya rarrashi. Aiki ne, kuma mai wuya. A zaman farko ta yi min bayani da misalin da ɗan kwalejin fasaha zai gane. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke aikin ƙararrawar mota. Ranar da aka tare mu ya yi aikinsa daidai, shi ya fitar da ni ta taga kafin in yi tunani. Matsalar ita ce tun ranar ya ƙi komawa saitinsa, yanzu ko kyanwa ce ta gifta sai ya ɗauki ƙara. Shi kuma sashen da ke adana abin da ya faru, ya buga masa hatimin "wannan ya wuce", bai samu ya yi aikinsa a daren ba. Shi ya sa in abin ya dawo ba ya zuwa kamar tuna baya, yana zuwa ne kamar yanzu yake faruwa. Kuma duk ranar da na bi ƙaramin get don in kauce wa babura, ina ƙara tabbatar wa ƙararrawar cewa ta yi gaskiya.

Daga zama na uku ta sa na fara ba da labarin daren daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar ina ciki. Me na gani, me na ji, me na shaƙa. Takan tsayar da ni ta ce, "Malam, daga sifiri zuwa goma, firgicin nawa ne yanzu?" In ce tara. Mu ci gaba. Sati mai zuwa mu sake, labari ɗaya dai. Akwai aikin gida kuma: in je in tsaya nesa kaɗan da bakin get ƙarfe huɗu, minti biyar, kada in gudu har sai bugun zuciyata ya fara sauka. Daga baya minti goma, daga baya in matsa kusa. Ranar farko na riƙe ƙarfen allon sanarwa har tafin hannuna ya yi shaida. Wurin da ya fi ba ni wuya a labarin ba harbin ba ne, dattijon ne. Ashe a can ƙasan zuciyata na yanke wa kaina hukunci cewa na gudu na bar shi. Zama biyu muka yi a kan wannan kaɗai, tana tambayata ɗaya bayan ɗaya: da me ke hannunka a lokacin? Su nawa ne? Da ƙanenka ne ya ba ka wannan labarin, me za ka ce masa? Wajen zama na tara, lambar da nake faɗa ta sauko huɗu.

Wannan hanya ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Wata masaniya a Amurka, Edna Foa, ita ta yi fice wajen tsara ta, kuma irinta ce hukumomin lafiya ke sa wa a gaba wajen maganin wannan ciwo. Akwai wata makamanciyarta da aka tsara musamman don 'yan gudun hijira, aka gwada ta a kan 'yan Sudan da ke sansani a arewacin Yuganda, inda mutum ke jera tarihin rayuwarsa gaba ɗaya, daɗi da wuya. Batun yin ta ta waya kuwa, an yi bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka, aka kwatanta waɗanda suka je asibiti da waɗanda aka yi musu ta bidiyo suna gida, aka ga sakamakon bai bambanta sosai ba. Ke nan wayar ba ta rage ƙarfin maganin.

Sai dai tsohon sojan Amurka yana da ɗaki, yana da ƙofa, yana da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu fa?

Ɗakinmu na mutum huɗu ne, mu takwas ne a ciki in an haɗa da masu raɓe. A ina zan zauna in ba da labarin da ke sa ni kuka? Na gwada bayan wokshop, sai ga masu firatikal sun tayar da injin yankan ƙarfe. Na gwada ajin da ba kowa, minti ashirin wasu suka shigo tutoriyal. A ƙarshe filin ƙwallo na koma bayan magariba, can wajen raga ta biyu, da iyafis a kunne, sauro na cizona, hasken wayar kaɗai a fuskata. Wata rana mai gadi ya haska ni da tocila ya ce, "Kai yaro, me kake yi a nan?" Na ce waya nake yi da gida. Ni namiji ke nan. Ɗalibar da aka yi wa fyaɗe, wadda ta fi ni buƙatar wannan zaman, ba za ta je filin ƙwallo da daddare ba, kuma bai kamata a ce ta je ba. In ta koma gida hutu, wataƙila ma wayarta sai yayanta ya duba.

Ga sabis. Ba abin da ya kai ciwo irin ka kai tsakiyar labarin, ka faɗi abin da ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, ka ɗago ka ga hoton Dakta ya daskare, ba ka san tun yaushe kake magana kai kaɗai ba. Mun yi yarjejeniya da ita: in bidiyo ya yanke, za ta kira ni kira na yau da kullum nan take, kuma ba za mu rabu ba sai ta tabbata na natsu. Duk mai shirin fara irin wannan, ya yi wannan yarjejeniyar tun ranar farko. Ga tsadar data, wadda ta ƙaru tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ban da wannan, yankunan da suka fi buƙatar maganin su ne sabis ɗinsu ya fi rashin tabbas. A 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa saboda dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2021 an katse na Zamfara gaba ɗaya, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Shi ya sa nake ganin hikimar abin da gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta yi a Borno, da ta ɗora masu ba da shawara a Keke Napep suna bin unguwanni da sansanoni. Inda waya ba ta kai ba, dole ƙafa ta kai.

Harshe ma wani abu ne. Da Hausa muka yi, kuma ban ga yadda za a yi in faɗi abin da na faɗa da Turancin rubuta rahoton SIWES ba. "Gabana ya faɗi", "jikina ya mutu", "zuciyata ta tsinke", kowanne da inda yake nufi a jiki, kuma ta gane ba sai na fassara ba. Manyan manhajojin da ake talla a intanet yawancinsu da Turanci suke, da dala ake biya, kuma wanda zai saurare ka bai san mene ne kwarin kunya ba balle ya san abin da ake nufi da a ce an tare hanya. Abokan karatunmu masu Kanuri da Fulatanci da Tibi su ma suna da haƙƙin su nemi wanda zai ji su da harshen da suke mafarki da shi.

Akwai abin da waya ba ta yi. Da barcina ya ƙi daidaita, Dakta ta ce ita ba ta rubuta magani, aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma ta fi son ya gan ni a zahiri karon farko. Na je, Yaya ta raka ni. Ya auna ni, ya yi tambayoyi kusan awa guda, ya rubuta ƙwaya ɗaya ta kullum. Ya ce sai ta yi makonni kafin in ji aikinta, kuma kada in yanke ta rana ɗaya don na ji sauƙi, shi zai rage min a hankali. Bibiyar da ta biyo baya ta waya muka yi. Layin asibitin kuwa, da na duba, mutane ne irin na layin banki: wata mai goyo, wani ɗan sanda, wani malamin makaranta da jaridarsa.

Ina jaddada wannan saboda na san abin da ake yi a hostel. Wanda ba ya barci sai a ce ya je kemis ya karɓi baliyam, ko wani ya miƙo masa roci ko tiramol "don ya huta". Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bai wa wanda bai daɗe da ganin tashin hankali ba ƙwayoyin dangin baliyam don firgici ko rashin barci, saboda ba sa warkar da shi, kuma jiki na saurin sabawa da su. Mutum ya shiga da ciwo ɗaya ya fito da biyu. Ina da yaƙinin cewa cikin waɗanda muke kira 'yan ƙwaya a makarantar nan akwai waɗanda barci kawai suka je nema. Haka kuma wanda ya kai ga tunanin kashe kansa, ko yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba, wannan ba na jiran zaman sati ba ne a waya. A kama hannunsa a kai shi kilinik a ranar.

Wani zai ce ina tawakkali? Ban bar addu'a ba ko na dare ɗaya, kuma Dakta ba ta taɓa cewa in bari ba. Ita ce ma ta ce in haɗa azkar ɗin kwanciya da numfashin da ta koya min. Limamin unguwarmu da na gaya masa, cewa ya yi wanda ya karye a ƙafa yana addu'a kuma yana zuwa wajen maɗori, ba wanda ke ce masa imaninsa ya yi rauni. Ya tuna min cewa Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. A ƙasar nan ma ba sabon abu ba ne a haɗa asibiti da abin da mutane suka yi imani da shi. Tun shekarun 1950 Farfesa Adeoye Lambo ya yi haka a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani.

Abin tsoro a intanet shi ne kowa ma likita ne. Wanda ya iya magana mai daɗi a TikTok gobe sai ya buɗe shafi ya ce yana warkar da damuwa, ka tura kuɗi ta asusu. Ka tambaye shi me ya karanta, a wane asibiti yake aiki, wace hanya zai bi da kai, zama nawa. Likita na gaske yana da rajista da MDCN, kuma ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce zama ɗaya ya isa, ko ya ce ka turo hotonka, ko ya fara kiranka tsakar dare ba dalili, musamman ke 'yar uwa, ki rufe layin. Ka kuma tambayi inda sirrinka ke zuwa. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan masu wannan harka, ya biya dala miliyan 7.8 saboda ya bai wa su Facebook bayanan masu neman magani don talla. In babba ya yi haka a inda ake bin doka sau da ƙafa, to a yi hattara da ƙaramin da ba a san ofishinsa ba.

Yanzu ina HND 1. Na biya keri-oba ɗina. Ina bin babban get, ko da yake in babura suka tashi a tare har yanzu kafaɗuna kan ɗaga kafin su sauka. Dabino dai sai a hankali.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu bai kai kuɗin kiɗan makon ɗalibai ba. Ɗaki ɗaya, a kilinik ko a laburare, mai ƙofar da ke kulluwa ta ciki, da kujera, da soket mai aiki, da intanet. Ɗalibi ya karɓi awa guda ba sai ya faɗi dalili ba, a buɗe tun safe zuwa isha'i don mata su samu lokacin da ya yi musu. Ofishin jin daɗin ɗalibai ya zauna da likitocin kilinik su fitar da sunayen ƙwararrun da aka tantance, waɗanda ke ganin mutane ta waya, a nuna harshen da kowanne ke ji, a kuma tambayi ko kuɗin inshorar TISHIP da muke biya duk shekara zai ɗauki wani abu daga ciki. Ɗakin ya zama na kowa, mai intabiyun aiki ta bidiyo ma ya shiga, mai magana da sufabaizan furojet ma ya shiga, yadda ba wanda zai san me ya kai wani. Kuma don Allah kada a rubuta komai a jikin ƙofar, a sa mata lamba kawai kamar sauran ɗakuna.